Zinariya Ba Ta Fomatin

Duk macen da ta riƙe laftof tsakanin Kabo da Gwarzo a shekarun da aka ƙara kuɗin mai har mutane suka koma tafiyar ƙafa, da wuya a ce ba ta san gidan Malama Zinariya ba. Gidan ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, can ƙarshen layi a Kabo. Kafin a kai ga ɗakin da take aiki sai an ratsa ta gaban turken ragunan maigidanta, don haka duk baƙuwar da ta zo karon farko sai ta tsaya ta tambaya ko ta yi ɓatan kai ne.

Ni Halima Sa'adiya nake, ina koyar da Larabci a wata Islamiyya a Gammo. Abin da zan faɗa a kanta, wani na gani da idona, wani kuma ita ta ba ni labari da bakinta, a 'yan lokutan da take da sha'awar magana. Ba su da yawa.

'Yar Garo ce. Mahaifinta, Malam Datti, alaramma ne mai makarantar allo a ƙofar gida, amma bai hana 'ya'yansa boko ba. Ta sauke Alƙur'ani, ta yi sakandare, sannan ta koyi buga tafireta a Gwarzo har ta samu aiki a wani ofis. Ba ta ci moriyar aikin sosai ba aka shiga tsuke bakin aljihu, aka zo rage ma'aikata, iskar ta kwashe har da ita. Takan ce abin da ya fi ba ta dariya a yanzu shi ne ita aka miƙa wa takardar sallamarta ta buga, kuma ta buga ta tsaf ba kuskure ko ɗaya.

Ta auri Sajo, mutumin Gammo da ya dawo Kabo da zama. Kakanninsa makiyaya ne, shi kuma ya tsaya ga noma da kiwon raguna. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ka gaishe shi ya amsa, to kun gama hira. Shi ya nemo mata tsohuwar tafireta, ta ajiye a ɗaki tana buga wa malamai tambayoyin jarabawa, tana buga wa mutane takardun neman aiki. Haka ta riƙe kanta shekaru, har kwamfuta ta shigo gari, kowa ya juya wa tafireta baya.

Ta doshi arba'in lokacin da ƙaninta Badruddeen, da ke aiki a Kano, ya kawo mata laftof ta gwanjo da firinta. Da yake yatsunta sun riga sun san mazaunin kowane harafi, ba ta sha wuya ba. Daga baya ya ƙaro mata wata 'yar na'ura mai cin layin waya, wadda ke watsa intanet a cikin ɗaki ba sai an jona komai ba. Abin da ake ce wa wayales ke nan.

Sai abin ya zo daidai da zamani. An ƙaddamar da Shari'a, mutane sun ƙara kula da cuɗanyar maza da mata, ga shi kuma rajistar jarabawa da duba sakamako duk sun koma intanet. Shagunan intanet ɗin da ke akwai samari ne cike da su, kafaɗa da kafaɗa. Iyaye da yawa ba sa son 'yarsu ta je ta wuni a can, matan aure kuwa ba a ma maganarsu. Da aka ji akwai mace mai yi a cikin gida, sai ɗakin Zinariya ya cika da hijabai.

Wata safiya ta kunna laftof ɗin, wayales ya ce bai san zancen ba. Ta kashe ta kunna, ta cire batir ta mayar, shiru. Sai ta naɗe ta a zane ta ba Sajo ya kai kasuwa a Kano. Mai gyaran da ya samu bai ɓata lokaci ba, ya yi abin da ya saba yi wa kowace kwamfuta: ya yi mata fomatin, wato ya goge duk abin da ke cikinta ya ɗora sabon Windos, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

A cikin abin da ya goge akwai muryar Malam Datti. A azuminsa na ƙarshe kafin ya rasu, Badruddeen ya ɗauki karatunsa da waya ya zuba mata a laftof, wayar kuma ta daɗe da ɓata. Babu wani kwafi a ko'ina.

Ta ce da ta buɗe ta ga wayam, sai ta juya wajen Sajo.

"Malam, ya tambaye ka kafin ya goge?"

"Ya ce zai wanke ta," in ji Sajo. "Na ɗauka wankin alheri ne."

"To wayales ɗin fa?"

Suka gwada. Bai dawo ba.

Ba ta yi masa faɗa ba, don ta san ba laifinsa ba ne. Ta dai ce masa daga ranar babu wanda zai ƙara taɓa mata kwamfuta.

Akwai wani mai shagon intanet a Gwarzo, Jibirin, wanda ya yi karatun allo a gaban mahaifinta. Shi ta nufa. Sajo ya ɗauke ta a babur da sassafe, kafin samari su cika shagon. Jibirin ya duba, ya ce mata direba ne babu.

"Direba kuma? Mota ce?"

Ya yi dariya. "Yaya, haka sunansa yake. A cikin laftof akwai ɗan kati mai kamo wayales. Windos ba ya jin yarensa sai da wani ɗan shiri da ke tsakaninsu. Shi ne direba. In babu shi, ko an sa wanda ba nasa ba, katin na nan lafiya lau amma kamar babu shi."

"A ina ake samunsa?"

"A intanet."

"Ita kuma ba ta hawa intanet sai da shi."

"To, ai nan gizo ke saƙar," in ji Jibirin. Ya gaya mata gaskiya cewa iyakar saninsa ke nan, shi ma in abin ya gagara fomatin yake yi. Amma ya ce ƙofar shagonsa a buɗe take gare ta kowace safiya.

Damina guda ta yi tana wannan zirga-zirgar. Ta sauke direba a Gwarzo ta zuba a filas, ɗan abin nan da ake ɗaukar fayil a ciki, su dawo Kabo ta gwada, ya ƙi, ta jira sai Sajo ya samu sarari daga gona su sake komawa. Turancinta na sakandare ne da na ofis, ba na masu kwamfuta ba, don haka takan buga bayanan da ta samu a takarda ta zo gida ta bi su da ƙamus, kalma bayan kalma. 'Yan matan da ke zuwa rajista suka watse. Maƙwabta suka fara cewa ta sayar da abin ta huta. Ranar da 'yar fitilar wayales ɗin ta kawo haske, gero ya riga ya fitar da kai. Ta ce ta fito tsakar gida ta rasa wa za ta gaya wa, don Sajo yana gona, sai ta koma ciki ta yi sujada.

Daga nan labari ya bazu. Malaman makaranta mata, ma'aikatan asibiti, ɗalibai, suka fara kawo mata nasu. Ba araha ce kawai ta jawo su ba. Kowace mace tana da hotunan biki da na suna a kwamfutarta, babu mayafi, kuma babu mai son ta bar su kwana a hannun wani namiji a kasuwa. A wajen Zinariya hankalinsu kwance yake. Ba ta buɗe abin da ba a ce ta buɗe ba, kuma ba ta fomatin. In mace ta ce, "Ki goge kawai, sauri nake," sai ta tura mata kayanta ta ce, "Ga hanyar Kano nan."

Ni na je mata ne a shekarar da aka ƙara kuɗin mai. Ina karatun digiri daga gida, ana turo mana aiki ta intanet mu ma mu tura. Laftof ɗina ta daina ganin wayales, ga aikin da za a rufe karɓa a ƙarshen mako. Maigidana, Abdulhafiz, ya ce kasuwa dai ba za a kai ta ba. Wata abokiyar aikina ta yi mini kwatancen gidan.

Na yi sallama, ta amsa daga ciki. Doguwa ce, siririya, da tabarau a ƙarshen hanci. Muka gaisa, ta tambayi mutanen Gammo gida-gida, don dangin mijinta ne, sai da ta kai kan kakata sannan ta miƙo hannu ta karɓi jakar.

"Me kika yi mata?"

"Wallahi Malama ban yi mata komai ba."

"Kowa haka yake cewa. Wa ya taɓa ta a 'yan kwanakin nan?"

Sai na tuna ƙanin maigidana ya zo hutu, ya ce Windos ɗina ya tsufa, ya ɗora mini sabo a kan na da.

"Yawwa," ta ce. "Yanzu kika fara magana."

Ba ta kunna ba tukuna. Ta juya laftof ɗin tana shafa gefenta da ɗan yatsa har ta samu wani ɗan makunni da ni ban taɓa sanin yana nan ba, ta tura shi gaba ta dawo da shi. Ta ce mata da yawa sun yi kuɗin mota daga nesa a kan wannan ɗan abin kaɗai, jaka ce ta goge shi ya kashe kansa. Nawa dai a kunne yake. Ta kunna, ta shiga wani wuri da ta kira Dibais Manaja, inda kwamfuta ke jera duk kayan cikinta. Ta nuna mini wani layi mai alama ruwan ɗorawa a gefe.

"Kin ga wannan? Cewa take akwai wani abu a jikinta da ba ta san ko mene ne ba. Katinki ne."

Ta duba sunan laftof ɗin da lambarta a ƙasa, ta sauke direban da ya dace da wannan lamba ta kwamfutarta, ta kawo a filas ta ɗora. Ta sake kunnawa. Sikirin ɗin ya koma shuɗi fes, da fararen rubutu, sannan ya mutu. Ya sake tashi, ya sake mutuwa.

Na zabura. "Innalillahi! Malama, aikina na ciki!"

"Yana nan. Zauna."

Ta danna wani maɓalli tun kafin Windos ya gama tashi, ta shigar da ita ta wata hanya da kwamfuta ke tashi da 'yan kayan dole kawai, ta cire direban da ta sa. Laftof ta dawo daidai, fayilolina suna nan. Wayales dai babu.

"Ki bar mini ita," ta ce.

"Ranar Asabar za a rufe."

"Yaushe ta lalace?"

Na ce ta kwana biyu.

"Shi ne sai yau? Ba a fafe gora ranar tafiya, Malama Halima."

A gaban wasu mata biyu da ke jiran layi ta faɗa, kuma ba da wasa ba. Na ji zafin maganar. Amma kafin in buɗe baki ta kwashe aikina ta zuba a filas, ta tashi daga kujerarta ta ce in zauna a kan tata kwamfutar in ƙarasa in tura. A nan na yi aikin, tana tsaye a kaina tana gyara mini inda na bar tazara biyu tsakanin kalmomi.

Na ɗauka kwana biyu za a yi. Sai mako ya wuce. Wuta ba ta samuwa sosai, man janareta kuwa ya zama sai dole, don haka takan tayar da shi ne kawai in masu rajista sun taru, ta saci wannan lokacin ta yi cajin tawa, ta yi aiki a kanta har batir ya ƙare. Na aika a tambaya, ta ce da saura. Na sake aikawa, ta ce in ina so in zo in ɗauka yadda take. Abdulhafiz ya haɗu da Sajo a kasuwa ya yi masa maganar. Sajo ya ce, "Ku yi haƙuri. Ni ma da nake gidan haƙurin nake yi."

Ranar da na je da niyyar ɗaukar kayana, na tarar da laftof ɗin a kife a kan dadduma, an buɗe wani murfi a cikinta, ƙananan notuna a jere cikin murfin kwano.

"Malama! Fasa ta kika yi?"

"Zo ki gani."

Da bakin sukudireba ta nuna mini wani ɗan kati da bai kai ashana ba, da siraran wayoyi biyu a maƙale.

"Karanta sunan da ke jikinsa. Yanzu karanta wanda ke jikin takardar da aka manna a ƙasa. Ɗaya ne?"

Ba ɗaya ba ne.

"Wanda ya riƙe ta kafin ta zo gwanjo ya canza katin. Ni kuma na bi sunan laftof na sa mata direban katin da aka cire tun tuni. Shi ya sa ta yi shuɗi. Kuskurena ne, kamata ya yi in fara duba lambar katin tun ranar." Ta faɗi haka ne kamar mai ba da labarin farashin gero, ba ta sassauta murya ba.

Na ce to yanzu ai an gama. Ta ce a'a. Katin tsoho ne, duk inda ta duba ba ta samu direbansa na sabon Windos ba, sai na tsohon. Na ce to a sayi modem, wanda ake soka wa laftof ya kawo intanet, a huta, ko a goge a mayar da tsohon Windos ɗin.

"Modem kuɗi ne, kuma katin nan lafiyarsa ƙalau. Gogewa kuwa kin san amsata. Ki ba ni zuwa Juma'a. In ya gagara, ni da kaina zan ce miki ya gagara."

Na koma ranar Juma'a bayan an sauko. Ta lallaɓa tsohon direban ya zauna a kan sabon Windos, ta hanyar nuna wa kwamfutar fayil ɗin da hannu maimakon ta bar ta ta zaɓa da kanta. Ga sunan wayales ɗin gidanta ya fito ɓaro-ɓaro. Na fara godiya, ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Zauna ki kalla."

Muka zauna. Can sai ya yanke. Ta taɓa, ya dawo. Aka jima ya sake yankewa. Ta ce tun jiya haka yake yi, kuma ba za ta ba ni abin da zai kai ni Gammo ya kunyata ta ba. Ta kawo mini fura da nono daga na gidan, ta koma ta zauna ta zuba wa sikirin ido, ba ta taɓa komai. Ni ina sha, ita tana kallo. Sai ta miƙa hannu ta jona cajar a soket, don an kawo wuta. Muka jira. Bai yanke ba. Ta zare cajar. Ba a jima ba ya yanke.

"Af!" ta ce. Karon farko ke nan da na ga haƙoranta. "Ashe ke ma tsuke bakin aljihu kike yi."

Ta koma cikin Dibais Manaja, ta buɗe bayanan katin, ta nuna mini wani ɗan akwati da aka yi wa alama. Kwamfutar ce ke kashe katin da kanta in tana kan batir, don ta tattala wuta, shi kuma tsohon direban bai iya farkawa ba in an kwantar da shi. Ta cire alamar. Muka zauna har aka kira la'asar, muka yi salla muka dawo, yana nan daram.

Da zan tafi ta kwafa mini direban a cikin laftof ɗin da kuma filas ɗina, ta sa na maimaita matakan a gabanta da hannuna har sau biyu. Ta ce in ƙanin mijina ya sake zuwa hutu in ɓoye ta a ƙarƙashin gado.

Ba zan ce kowa ya ji daɗinta ba. Akwai waɗanda suka gaji da jira suka ɗauke kayansu, kuma ba ta taɓa bin kowa da ban haƙuri ba. Harshenta yana da kaifi, musamman ga wadda ta zo tana gaggawa. Akwai kuma kwamfutocin da suka gagare ta, katin ya ƙone ko direban ya ƙi samuwa. Irin waɗannan takan kira mai ita ta ce, "Na kasa. Sayi modem." Ba ta taɓa cewa ta gyara abin da ba ta gyara ba. Ni dai laftof ɗin nan da ita na gama digirina, kuma wayales ɗinta bai ƙara yi mini gardama ba.

Da manyan wayoyi suka yawaita, kowace yarinya ta iya duba sakamakonta a tafin hannu, sai ɗakin ya fara yin shiru. Idanunta ma suka fara gajiya da ƙananan rubutu. Kafin nan ta riga ta koya wa wata bazawara 'yar Gwarzo, Zubaidatu, wadda ta fara zuwa a matsayin mai kawo gyara ta ƙare a matsayin ɗaliba. Yanzu Zubaidatu ce ke da ɗan shago a cikin gidansu a Gwarzo, mata na kai mata. In wata ta gagare ta, sai ta ajiye ta zuwa ranar da Malama za ta shigo gari.

A can na ganta a ƙarshe, watannin baya, na je kai firintar makarantarmu. Na same su su biyu sun sunkuya a kan wata sabuwar laftof ta wata ungozoma, suna musu. Zubaidatu na cewa katin ne ya mutu, Malama na cewa ba a yanke wa kati hukunci sai an ji ta bakinsa. Ta ɗago ta gan ni, ta tambayi mutanen Gammo, ta yi mini ta'aziyyar kakata, sannan ta cire tabaranta ta miƙo mini laftof ɗin.

"Idonki ya fi nawa. Karanto mini lambar nan a hankali, kar ki tsallake ko ɗaya."

Na ajiye firintar a bakin ƙofa, na gyara zama, na fara karantowa.